Kundin gyaran Honda CB750 a Agege: bin sawun silindar da ta mutu

Litinin, 16 ga Yuni 2025

An turo mashin ɗin gareji da hantsi. Honda CB750 ne ƙirar 1974, silinda huɗu a jere, kabireta huɗu, salansa huɗu, injin cc 736 da Honda ta fara sayarwa a 1969. Mai shi dattijo ne ɗan harkar shanu a nan Agege, ya ce ya haura shekara uku a ƙarƙashin tamfol. Ƙorafin Baba shi ne yana tashi amma babu ƙarfi, yana karkarwa, ga warin ɗanyen fetur.

Ba mu kwance komai ba. Mun sa batir mai cikakken caji, mita ta nuna bolt 12.6, muka zuba sabon fetur a ƙaramin galan muka haɗa da tiyo, don ba mu yarda da abin da ke cikin tankin ba. Ya tashi a kik na shida. Cikin minti guda muka bi bakin salansa huɗun, dab da inda suka fito daga inji, muna ɗiga ruwa da sirinji. Ta 1 da ta 4 ruwan ya yi cuu ya ƙone. Ta 2 da ta 3 ruwan ya gangara kamar an zuba a kan randa. Ana ƙirgawa ne daga hagu idan mutum yana zaune a kan mashin. Kada a taɓa da hannu, kuma kada a jira, domin bayan minti biyar zafin kan inji yana ratsa salansar da ta mutu, sai ta ruɗi mutum.

Yawancinmu a Legas mun saba da Bajaj Boxer mai silinda ɗaya, wanda in ya mutu ya mutu gaba ɗaya, sai a canja filogi a wanke kabireta. Wannan inji ba haka yake ba, shi da kansa yake faɗin inda ciwon yake. Koyil biyu gare shi, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin wutar batir ta aika wa filogi, kowanne da waya biyu: ɗaya yana ba 1 da 4 wuta, ɗayan 2 da 3. Fetur kuwa tiyo biyu ne, ɗaya yana shayar da 1 da 2, ɗayan 3 da 4. Saboda haka in 2 da 3 suka mutu tare, ko 1 da 4, wuta za a nema. In 1 da 2 ne, ko 3 da 4, a bi hanyar mai. In ɗaya ce tal, a duba abin da yake nata ita kaɗai: filogi, hularsa, kabiretarta, bawul ɗinta. Na yau 2 da 3 ne, ke nan wuta.

Talata, 17 ga Yuni

Duk da haka mun fara da kwamfireshan, wato awon ƙarfin matsar iska a cikin silinda, don kada a kashe wa Baba kuɗi a kan wuta da mai alhali cikin injin ya gama. An ɗumama shi, an cire filogi huɗun da soket 18, an buɗe totur har ƙarshe, cok a buɗe. Wanda ya auna da totur a rufe zai sami adadi ƙasa da gaskiya.

Silinda ta 1 ta ba da psi 150, ta 2 148, ta 3 105, ta 4 152. Sabon inji yana kaiwa wajen 170, don haka 150 ba abin damuwa ba ne ga mai shekara hamsin. Abin dubawa shi ne tazara tsakaninsu, in ta wuce kashi 10 cikin ɗari akwai magana. Mun zuba ƙaramin cokali na baƙin mai a ramin filogi na 3 muka sake aunawa: 110. Da ringi ne ya cinye, man zai toshe gefen fistin adadin ya yi tsalle sosai. Tunda da ƙyar ya motsa, iskar ta sama take zurarewa.

Laraba, 18 ga Yuni

Saitin tafet, wato tazarar da ake bari a kan bawul, inji a sanyaye tun jiya. Ana cire murfin kwantak (ƙarfen da ke buɗewa da rufewa don yanke wutar koyil) a gefen dama, a juya kiranshaf ta babban notin da ke tsakiya, ta hanyar da agogo yake tafiya. Filogi su kasance a cire, domin sandar da ke riƙe da notin siririya ce, in aka yi mata dole a kan kwamfireshan tana lanƙwashewa, daga nan kuma tayimin, wato lokacin harba wuta, ba zai sake zama daidai ba. Ta ramin farantin kwantak ake leƙa alamar T 1.4, wadda ke nuna fistin na 1 da na 4 sun kai ƙarshen sama. In tafet biyu na silinda ta 1 suna motsi a hannu, a saita su duka, da bawul ɗin fitar hayaƙi na 2, da na shan mai na 3. A zagaya sau ɗaya cur a dawo kan alamar, a yi sauran huɗun. Na shan mai milimita 0.05, na hayaƙi 0.08.

Bawul ɗin hayaƙi na 3 babu tazara ko kaɗan, fila gej mafi siranta ma bai shiga ba. Wato ba ya zama sosai a mazauninsa, in inji ya yi zafi ya miƙe kuma sai ya ƙara buɗewa. Wasu suna matse tafet da gangan don injin ya yi shiru su burge mai kaya. Wannan ba gwaninta ba ce, ƙona bawul ne a hankali, domin ta wurin zamansa a mazauni yake sauke zafinsa. Ɗan ƙas-ƙas na tafet lafiya ne. Bayan saiti ta 3 ta hau 138. Bai kai 'yan'uwanta ba, amma ya isa ta kama wuta, kuma akwai fatan ƙurar gawayin da ke bakin bawul ɗin ta kakkaɓe in ya yi tafiya.

Juma'a, 20 ga Yuni

Yau aka shiga wuta, kafin masallaci da bayansa.

Da farko wutar da ke isa koyil. Waya baƙa mai ratsin fari ita ke kawo ta daga suwic ɗin kashewa na hannun dama. Batir 12.5, bakin koyil 10.2. Sama da bolt biyu sun ɓace a hanya. Iskar Legas mai danshi da gishirin teku ita ke yin wannan aiki: kowane kan waya da muka zare a cikin kwanon fitila ya yi kore kamar gansakuka. An goge su ɗaya bayan ɗaya da samfefa mai laushi, an ɗan matse bakin macen, wato kan wayar da ake zura ɗayan a ciki, da filaya, an buɗe suwic ɗin an kankare, haka mazaunin fis. Yanzu 11.9 ke isowa. Wannan bai ta da 2 da 3 ba, amma duk gwajin da aka yi a kan raunanniyar wuta gwajin banza ne.

Koyil ɗin kansu: ɓangaren shiga na 1 da 4 ya ba da om 4.7, na 2 da 3 ya ba da 4.8. Duka lafiya, abin da ake nema ke nan, kusa da 5. Mun yi farin ciki, domin koyil mai waya biyu irin wannan ba kowane shago ba ne yake da shi ko a kasuwar kayan gyara ta Ladipo.

Sai kwantak. Biyu ne a kan faranti ɗaya, shuɗiyar waya ta 1 da 4, rawaya ta 2 da 3. Da aka ta da injin murfi a buɗe, sai ga tartsatsi babba yana tashi a bakin kwantak na rawayar waya, na shuɗiyar kuwa da ƙyar ake ganin nasa. Aikin kwandensa shi ne ta shanye wutar nan a daidai lokacin da kwantak ya buɗe, don wutar cikin koyil ta yanke farat ɗaya ta haifar da tartsatsi a filogi. In ta mutu, wutar sai ta tsallaka bakin kwantak, ta ƙone shi, filogi kuma ya tashi a tutar babu. Don tabbatarwa mun musanya kwandensa biyun, aikin minti uku. Nan take 2 da 3 suka ɗau zafi, 1 da 4 suka yi sanyi. Cutar ta bi kwandensa ta koma wancan gida. Musanya ta fi saye, kuma ba ta cin ko kwabo.

Litinin, 23 ga Yuni

An samo kwandensa biyu da kwantak biyu. Mun canja duka, don shekarunsu ɗaya. Sabon kwantak yana zuwa da ɗan maiƙo a baki, a goge da fetur, a ja farar takarda a tsakani har ta fito fes.

Tazara ake fara yi kafin tayimin, domin duk sanda aka taɓa tazara tayimin ya gusa. A juya har kwantak ya kai ƙarshen buɗewarsa, a sa 0.35, littafin Honda ya yarda da 0.3 zuwa 0.4. Sannan ƙwan fitila mai bolt 12 da waya biyu, ɗaya a kan wayar kwantak, ɗaya a jikin inji, makulli a kunne. Ƙwan zai kama a daidai lokacin da kwantak ya buɗe, kuma ana so hakan ya faru sa'ad da alamar F 1.4, ta lokacin wutar 1 da 4, ta zo kan layi. Na 1 da 4 ana juya babban farantin ne gaba ɗaya, shi ya sa shi ake fara yi. A juya kiranshaf rabin zagaye zuwa F 2.3, a gyara da ƙaramin farantin da ke ɗauke da kwantak na biyu. Kada a bar makulli a kunne ana hira, koyil yana dahuwa in kwantak a rufe yake.

A bayan farantin akwai na'urar da ke gaggauta wuta in gudu ya ƙaru, ƙarafa biyu masu sifirin da ke buɗewa kamar fikafikai. Tamu ta ƙame da tsatsa, ko da filaya ba ta juyawa. An jiƙa ta da kananzir, an zare kam ɗin, wato ƙarfen da ke tura kwantak ya buɗe, an goge sandar, an shafa giris kaɗan. A sa alama kafin a zare, saboda yana shiga ta fuska biyu, kuma in aka juya shi wutar 1 da 4 za ta riƙa zuwa a lokacin 2 da 3, injin ya yi ta harbi ba zai tashi ba.

Sababbin filogi NGK D8EA huɗu, tazara 0.6 zuwa 0.7. An ɗaura su da hannu tukun kafin soket, musamman na tsakiya biyun da ba a ganin raminsu sosai.

Talata, 24 ga Yuni

Ya tashi a bugu ɗaya, muryarsa ta canja. Gwajin ruwa: 1, 2 da 3 zafi, 4 ɗumi-ɗumi. In aka murɗa totur ya wuce juyi 3,000 a minti sai ta 4 ta shigo da ƙarfi, in aka saki ta sake ficewa. Ranar farko ta yi zafi ne saboda muna riƙe da totur don kada ya mutu, abin ya ɓoye mana.

Silindar da ke mutuwa a silo, wato inji yana aiki ba a murɗa totur ba, ta farfaɗo a gudu, kusan kullum ƙaramin jet ne, wato ɗan bututun da ke ba da mai a cikin kabireta. Mun toshe rabin bakin kabireta ta 4 da tafin hannu, ta ja mai ta babban jet, nan da nan ta kama. Wuta tana nan, mai ne babu.

An zubar da baƙin man inji yau. Yana warin fetur kuma ya tsinke, tunda silinda biyu sun daɗe suna shan mai ba sa ƙonawa, yana wanke bango yana gangarawa ƙasa. Wannan inji tankin baƙin mai daban gare shi a gefen dama, duka-duka lita 3.5 yake ɗauka, kuma ana duba sandar awo ne bayan an ɗan ɗumama shi. Wanda ya duba a sanyaye zai ga kamar babu, ya ƙara, ya cika ya yi ambaliya. Mun sa 20W-50 da sabuwar filta.

Alhamis, 26 ga Yuni

An sauke kabireta huɗun a haɗe, ba mu raba su daga ƙarfen da ke riƙe da su ba. Kofin ƙasa na 4 akwai ruwa kwance a gindi da wani jan laka, na 1 ma haka amma kaɗan. Idan aka jingine mashin a kan ƙafar gefe shekara da shekaru, fetur ya bushe ya bar danƙo, raɓa kuma tana taruwa a tankin da ba a cika ba.

Ƙaramin jet lamba 40 ne, wato raminsa bai kai rabin milimita ba. Na 4 da aka ɗaga shi sama ko ɗigon haske ba ya wucewa. An jiƙa duka huɗun a tina, sinadarin tsinka fenti, na awa biyu, aka zura silin tagulla guda ɗaya daga cikin wayar lantarki, sannan iska. Tagulla ta fi jet ɗin laushi. Allura ko wayar burki suna faɗaɗa ramin, daga ranar kuma silindar za ta riƙa baƙanta filogi, a yi ta zargin koyil. Jet kaɗai bai isa ba: a cire sukurun iska, a fesa ta raminsa, a tabbata feshin ya fito ta ɗan ramin da ke cikin maƙogwaron kabireta da kuma mazaunin jet. A nan yawancin wanki yake tsayawa rabi.

Tsayin fulot, abin da ke yawo a kan mai a cikin kofi, milimita 26 ne daga bakin da gaskit yake zama, ana aunawa kabireta a karkace yadda harshen fulot zai taɓa allurar mai ba tare da ya danne ta ba. Na 2 yana 29, wato man kofinsa ya yi ƙasa. An lanƙwasa harshen kaɗan. Sukurun iska kowanne an mai da shi zagaye ɗaya daga rufe, a matsayin mafari.

Robobin da ke haɗa kabireta da inji sun ƙandare kamar ƙaho, ta 2 kuma ta tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. An ba da saƙon sababbi. Ba mu yarda da liƙe su da gam ba, zafi da fetur suna cinye shi cikin mako.

Tanki an wanke shi da tsakuwa da kananzir, an sa filta a kowane tiyo.

Talata, 1 ga Yuli

Robobi sun iso, an jiƙa su a ruwan zafi suka shiga da sauƙi. Salansa huɗun duka suna ƙone ruwa a silo. An daidaita jan kabiretocin da agogon awon iska, ana kawo ukun su yi daidai da ɗaya, fanka tana hura injin don kada ya yi zafi a tsaye. Silo ya zauna a wajen 1,000, ƙarar sarƙar cikin inji da ake ji da farko ta ragu da kanta. Sau da yawa ƙarar nan rashin daidaiton kabireta ne, ba lalacewa ba.

Alhamis, 3 ga Yuli

An kwana ana ruwa. Da safe mashin ya tashi yana misin, wato yana tsallake wuta, ta 1 tana shiga tana fita, bayan minti goma ya warware. Misin da ke zuwa da danshi ya tafi da zafi, wuta ce ke zurarewa a waje. An ja shi lungu mai duhu, aka fesa ruwa kaɗan a kan wayoyin filogi, sai ga shuɗin tartsatsi yana tsalle daga hular filogi ta 1 zuwa jikin inji, ana jin ƙas, ƙas.

Akwai abin da ya kamata a fahimta game da koyil mai waya biyu. Wutarsa ba ta komawa ta jikin koyil. Tana fita ta waya ɗaya, ta tsallaka filogi na 1, ta ratsa kan inji, ta tsallaka filogi na 4 ta baya, ta dawo ta ɗaya wayar. Zagaye ɗaya ne. Dalili ke nan ake aunawa daga hula zuwa hula: koyil wajen om dubu 14 zuwa 15, kowace hula dubu 5, jimla wajen dubu 25. Ɓangaren 2 da 3 ya ba da dubu 26. Na 1 da 4 ya ba da dubu 61. Da aka warware hular 1 ita kaɗai ta nuna sama da dubu 40, ga tsaga a wuyanta, bakin wayar kuma ya yi kore. An yanke milimita 6 daga kowace waya har jan tagulla ya bayyana, an murɗa sababbin huluna huɗu. Yanzu dubu 24.6 da dubu 24.8.

Wannan ya gyara ƙa'idar ranar farko kaɗan. Filogi biyun da ke kan koyil ɗaya ba sa buƙatar ƙarfi iri ɗaya, wanda wuta ke tsallakawa ta baya ya fi wahalar kamawa, don haka raunin koyil ko na batir yana iya fara kashe silinda ɗaya kafin ta biyu. Hanyar rarrabewa ita ce a musanya wayar 1 da ta 4, tunda lokaci ɗaya suke harbawa. In matsalar ta koma 4, waya ce ko hula. In ta tsaya a 1, a koma kan filogi da kabireta. Kuma a daina zare hula a bar ta tana lilo inji yana aiki: wutar da ta rasa hanya cikin koyil take huda wa kanta. A sa tsohon filogi a hular a jingina shi da inji.

Asabar, 5 ga Yuli

Gwajin hanya, daga Agege ta tsohuwar hanyar Abeokuta zuwa wajen Abule Egba da dawowa. Kilomita huɗu na farko lafiya lau. Daga nan ya fara shaƙewa in an ba shi wuta, 1 da 2 suka fara ɗaukewa, sannan duka. An tsaya, da aka buɗe murfin tanki sai ya ja iska, fuu. Ramin numfashin murfin ya toshe da tsatsa, mai yana fita iska ba ta shiga, har tankin ya riƙe man. An huda shi da siririyar waya an busa. Wannan kam 1 da 2 ne tare, ya kuma nuna hanyar mai kamar yadda aka zata.

A cunkoson dawowa mun lura da mita: a silo da fitila a kunne batir yana sauka zuwa 12.1, a juyi 3,000 yana hawa 14. Haka waɗannan injuna suke, ba sa caji sosai a silo, don haka an gaya wa Baba in gosulo ya yi tsawo ya riƙa ɗan ɗaga totur, kuma kada ya ƙara masa wasu fitilu.

An cire filogi bayan an dawo. Na 1, 2 da 4 ruwan ƙasa-ƙasa, na 3 ya ɗan fi duhu amma a bushe. Kwamfireshan da zafi: 152, 150, 143, 152. Ta 3 tana hawa. Ba za a buɗe kan inji yanzu ba. Baba zai hau shi kilomita 500 ya dawo, a sake duba tafet da tazarar kwantak, tunda dunduniyar sabon kwantak tana ɗan cinyewa da farko. In ta 3 ta sauka ƙasa da 135 a ranar, za a sauke kan a wasa bawul ɗin, an kuma riga an ba da saƙon gaskit da robobin bawul don su iso kafin lokacin.